Digiri, minti da ɗigo: yadda ake karanta lambobin GPS da sauya su daga wani tsari zuwa wani

A ɗauka wani ma'aikacin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa ya gama aikinsa a wata gona da ke kudu da birnin Kano, ya kafa turke a inda ya ga ya dace a haƙa rijiyar burtsatse, sannan ya rubuta lambobin wurin a rahotonsa kamar haka: 11°51′36″ N, 8°31′12″ E. Bayan mako biyu aka miƙa takardar ga direban motar haƙa, wanda bai taɓa taka gonar ba. Direban ya duba maɓallan wayarsa, bai ga ɗan zoben nan na digiri ba, bai kuma ga 'yan sandunan da ke bayan 51 da 36 ba, sai ya yi abin da mutane da yawa za su yi, ya sa ɗigo bayan 11 ya jera sauran lambobin, ya rubuta 11.5136, 8.3112. Taswirar wayar ta karɓa ba musu, ta kafa masa alama, ta zana masa hanya. Wurin da ta nuna kuwa yana kilomita 38 kudu da gonar da kuma kilomita 23 yamma da ita, wato kusan kilomita 45 a miƙe.

Babu na'urar da ta yi kuskure a wannan labari. Mai binciken ya rubuta daidai, wayar direban ta lissafa daidai, ɓatan ya faru ne a tsakanin takarda da yatsa, domin lambobin da aka rubuta da wani tsari an karanta su da wani. Ɓata da yawa da ake ɗora wa GPS, wato tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam, irin wannan ne, shi ya sa duk wanda aikinsa ke fitar da shi daji, ko ma'aikacin rigakafi ne mai neman ruga, ko malamin gona, ko direban da ke ratsa hamada, yake buƙatar ya san abin da lambobin suke faɗa kafin ya miƙa wuya ga kibiyar da ke kan allon waya.

Ita na'urar a yau abin dogaro ce. Tsarin GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, an harba tauraronsa na farko a 1978, aka ayyana cikar aikinsa a 1995, taurarinsa kuma suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Wayar da ke hannun mutum saurare kawai take yi, idan ta jiyo taurari huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take, saboda haka tana iya ba da lambobin wuri ko da babu sabis ko kaɗan. Kafin watan Mayu na 2000 da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskure ya kai mita 100, amma tun da aka daina hakan, waya mai kyau a fili, inda babu rufi ko dogayen gine-gine, takan faɗi wuri da kuskuren da bai wuce kimanin mita biyar ba.

Lambobi biyu ne ke tsayar da wuri. Na farko, wato latitud, yana faɗin yadda wurin ya nisanta arewa ko kudu daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu, daga sifili a kan layin zuwa digiri 90 a ƙuryar duniya ta arewa ko ta kudu. Na biyu, wato lonjitud, yana faɗin nisan wurin gabas ko yamma daga wani layi da aka ja daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu, daga sifili zuwa digiri 180 ta kowane ɓangare. Ikwaita juyawar duniya ce ta tsayar da shi, amma layin sifili na lonjitud mutane ne suka zaɓa, a taron ƙasashe da aka yi a birnin Washinton a 1884, inda aka amince da wanda ya ratsa ta Girinwich a Landan. Wannan layi ya sauko ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso, ya ɗan taɓa Togo, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Ghana, kuma wannan ratsawa da ya yi ta Ghana tana da tasiri a kan lambobin Hausawan zango, kamar yadda za a gani.

Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ko'ina. Digirin lonjitud kuwa yana tsukewa idan aka nufi ƙuryar duniya, domin layukan suna haɗuwa a can kamar ɓawon lemo da aka tsaga daga sama zuwa ƙasa, a Kano kusan kilomita 109 ne, a Agadas 106, a Landan kuwa kusan 69 ne. A yankinmu bambancin kaɗan ne, mai lissafin ka zai iya ɗaukar 110 ga duka biyun bai yi nisa da gaskiya ba.

Da yake digiri ɗaya ya fi nisan Kano zuwa Wudil ninki biyu, dole a gutsuttsura shi, kuma a wajen gutsuttsurawar ne aka rabu gida uku. Tsohuwar hanya, wadda aka gada daga lissafin sittin-sittin na mutanen Babila, ita ce a raba digiri zuwa minti 60, kowane minti kuma zuwa sakan 60, daidai da yadda ake raba awa. Minti ɗaya na latitud kusan mita 1,850 ne, wanda shi ne asalin mil ɗin masu jiragen ruwa, sakan ɗaya kuma kusan mita 31. Wannan tsari ne ake gani a gefen taswirorin takarda da tsofaffin rahotanni. Hanya ta biyu ita ce a bar sittin gaba ɗaya a yi amfani da ɗigo, a rubuta 11.86000, wadda ita ce kwamfutoci da manhajojin waya suka fi so. Ta uku kuma tsaka-tsaki ce, a rubuta digiri da minti, sannan a sa wa mintin ɗigo maimakon sakan, kamar 11°51.600′, kuma ita ce matuƙa jiragen ruwa da yawancin ƙananan na'urorin hannu irin na Garmin suke nunawa. Duk ukun wuri ɗaya suke faɗa. Akwai wani ɗan tarko na harshe da ya kamata a kauce masa a nan, domin a Larabci daƙiƙa minti ce, amma a Hausar yau idan aka ce daƙiƙa sau da yawa sakan ake nufi, saboda haka wanda ke karanta wa wani lambobin wuri gara ya tsaya a kan minti da sakan.

Sauyawa daga digiri da minti da sakan zuwa ɗigo lissafin firamare ne. Ana barin digiri yadda yake, a raba minti da 60, a raba sakan da 3,600, sannan a tara su. A lambar gonar nan, 51 a raba da 60 ya ba da 0.85, 36 a raba da 3,600 ya ba da 0.01, idan aka haɗa da 11 sai a sami 11.86. A ɓangaren gabas, 31 a raba da 60 ya ba da 0.51667, 12 a raba da 3,600 ya ba da 0.00333, jimla 8.52. Abin da ya kamata direban ya rubuta ke nan, 11.86, 8.52. Wanda ya saba da agogo ya riga ya san rabin aikin, tunda ya san minti 30 rabin awa ne, saboda haka 12°30′ daidai yake da 12.5, ba 12.30 ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun kilomita 22 ce. Minti 15 shi ne 0.25, minti 45 shi ne 0.75, kowane minti shida kuma 0.1 ne, wanda da shi kaɗai mutum zai iya duba amsar kalkuleta da ka ya gane ko ta yi kama da gaskiya. Abin lura shi ne kuskuren yana ƙaruwa da girman mintin. Wanda ya mai da 12°05′ ya zama 12.05 ya kauce da ƙasa da kilomita huɗu, amma wanda ya mai da 12°59′ ya zama 12.59 ya kauce da sama da kilomita 43.

Komawa baya kuma ninkawa ake yi. A ɗauki lambobin ɗakin Ka'aba, waɗanda aka saba rubutawa 21.4225, 39.8262. Ana ajiye 21 a gefe, a ninka 0.4225 sau 60, a sami 25.35, wato digiri 21 da minti 25.35, kuma wanda tsari na uku yake nema ya gama a nan. Mai neman sakan sai ya ajiye 25, ya ninka 0.35 sau 60, ya sami 21, lambar ta zama 21°25′21″ N. Haka 0.8262 sau 60 ya ba da 49.572, 0.572 sau 60 kuma ya ba da 34 da 'yan kai, lambar ta zama 39°49′34″ E. Wannan misali yana ɗauke da gwaji mafi sauƙi da mutum zai riƙe. Da wani zai yanka 39.8262 kai-tsaye ya ce digiri 39 da minti 82 da sakan 62, da lambar ta tona kanta, domin minti da sakan ba sa kaiwa 60. Duk inda aka ga 60 ko fiye a gurbin minti, to lambar ta ɗigo ce, ko kuma an yi kuskure wajen kwafa. Sai dai gwajin gefe ɗaya yake kamawa, domin 21.4225 idan aka yanka shi 21°42′25″ zai wuce ba a gane ba, alhali ya kai mutum sama da kilomita 31 arewa da Harami.

A ganina kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ke tsakanin tsari na farko da na uku, saboda ƙarami ne, ba ya sa a yi zargi. Idan aka rubuta 11 51 36 a takarda ba tare da alamomi ba, kamar yadda ake yawan yi a saƙon waya, mai karɓa bai san ko minti 51 da sakan 36 ake nufi ba, ko minti 51.36. Sakan 36 daidai yake da 0.6 na minti, shi kuwa 0.36 na minti bai wuce sakan 21.6 ba, bambancinsu sakan 14.4, wato kimanin mita 440. Mutumin da aka tura kilomita 45 daga inda ya dosa zai ga garuruwan da bai zata ba, ya tsaya ya yi tambaya. Wanda aka kai mita 440 daga turke kuwa yana cikin ƙauyen da aka faɗa masa, yana ganin gonaki irin waɗanda aka kwatanta, babu abin da zai hana shi sauke kayan haƙa a gonar maƙwabci. Akwai kuma wata siffa ta tsari na ukun da wasu na'urorin bin diddigin mota da babur suke fitarwa, inda ake manne digiri da minti ba tazara, a ga 1151.600,N da 00831.200,E. A nan lambobi biyu na farko a latitud su ne digiri, uku na farko a lonjitud su ne digiri, sauran duk minti ne.

Yawan lambobin da ke bayan ɗigo shi ke nuna ƙanƙantar filin da ake nufi. Lamba ɗaya tana nuna kilomita 11, biyu kilomita ɗaya da 'yan kai, uku mita 111, huɗu mita 11, biyar kuma mita ɗaya. Tunda wayar kanta ba ta iya rantsuwa a kan abin da ya gaza mita biyar, lambobi biyar sun isa kowane aikin tafiya, jerin goma sha biyun da wasu manhajoji ke zubowa ado ne kawai. Yankewa zuwa biyu kuwa, kamar yadda wasu ke yi don taƙaita rubutu a fom, ya mai da rijiya guda ta zama unguwa.

Sai batun alama da jeri, wanda a yankinmu yake da wata illa ta musamman. A tsarin ɗigo ba a cika sa haruffan N, S, E, W ba, a maimakonsu kudu da yamma suna ɗaukar alamar ragi. Mutumin Najeriya ko Nijar ko Chadi zai iya shekara yana aiki da GPS bai ga wannan alama ba, domin ƙasashen nan suna arewa da ikwaita, suna kuma gabas da layin Girinwich. A Ghana lamarin ya sha bamban, Akara da Kumasi da Tamale duk suna yamma da layin. Kumasi tana wajen 6.69, -1.62, kuma idan mai kwafa ya ɗauki alamar ragin a matsayin ɗan layin raba lambobi ya yar da ita, taswira za ta kai shi kusa da iyakar Togo da Benin, kimanin kilomita 360 gabas da zangon da yake nema. Wajen sauya irin wannan lamba ana ajiye alamar a gefe, a yi lissafin, sannan a mayar da ita a matsayin harafi, -1.62 ya zama 1°37.2′ W, kuma ba a haɗa alamar da harafin a lamba ɗaya.

Jeri ya fi wannan yaudara. Al'ada ita ce latitud ya fara, kuma haka Google Maps yake karɓa, amma fayilolin taswira irin KML da GeoJSON da lonjitud suke farawa. A Turai ko Amurka idan aka juya lambobin, alamar takan faɗa teku ko wata nahiya, nan take a gane. Najeriya kuwa tana tsakanin digiri 4 da 14 a arewa, da kuma wajen 3 zuwa 15 a gabas, wato lambobin biyu kusan gida ɗaya suke, saboda haka juyayyen wuri yakan sake faɗowa cikin ƙasar. Kano tana wajen 12.00, 8.52, idan aka juya ta zama 8.52, 12.00, wanda ke kusa da Ganye a jihar Adamawa, sama da kilomita 500 daga Dala. Abuja idan aka juya ta takan sauka a jihar Binuwai, Zariya kuma a Taraba. Ma'aikacin da ke zuba ɗaruruwan wurare a kwamfuta zai ga duk alamominsa suna cikin Najeriya, hankalinsa ya kwanta, alhali rijiyoyin Kano sun koma gindin duwatsun Adamawa. Idan kuma gurbin lambobin ya zo fanko kwamfuta ta cike shi da sifili biyu, alamar takan faɗa mashigin tekun Gini, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana, inda ikwaita da layin Girinwich suka haɗu.

Masu aiki tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, suna da ƙarin abin lura. A rubutun Faransanci waƙafi ne ke tsayawa a gurbin ɗigo, rahoton da ya fito daga Nijar ko Chadi ko Kamaru zai iya ɗauke da 13,5127 maimakon 13.5127, kuma idan aka jera biyu aka raba su da wani waƙafin, manhaja takan ga lambobi huɗu ta ƙi karɓa ko ta yi nata fassarar. Harafin O a irin wannan takarda yamma yake nufi, ba sifili ba ne.

Duk abin da ya gabata kusurwa ake aunawa, ƙafar mutum kuwa mita ta sani. Wannan ne dalilin tsarin UTM, wanda safiyoyi da masu taswirar aiki suka fi riƙewa. An yanka duniya tsaye zuwa shiyyoyi 60, kowace mai faɗin digiri shida, an shimfiɗa kowace kamar tabarma, an zana mata raga ta mita. Najeriya ta faɗa cikin uku, shiyya ta 31 daga sifili zuwa digiri 6 gabas, inda Sakkwato da Legas suke, ta 32 daga 6 zuwa 12, inda Kano da Katsina da Kaduna da Abuja suke, sai ta 33 daga 12 zuwa 18, inda Maiduguri da Yola suke. Haka Nijar, Yamai tana 31, Agadas tana 32, Difa da Bilma suna 33. A kowace shiyya lambobi biyu ake bayarwa, kuma a nan ta gabas ce ke farawa. An ba layin tsakiyar shiyyar lamba 500,000 domin kada a sami ragi, lambar arewa kuwa nisa ne a mita daga ikwaita. Gonar nan ta kudancin Kano a wannan tsari kusan 32P 447720 1311120 ce, ma'ana tana kimanin kilomita 52 yamma da layin tsakiyar shiyya ta 32, wanda shi ne digiri 9 gabas, tana kuma kilomita 1,311 arewa da ikwaita. Gane su ba wuya, a yankinmu lambar gabas guda shida ce, ta arewa kuma daga tsakiyar Najeriya zuwa sama guda bakwai.

Daɗin UTM a daji yake bayyana. Idan na'ura ta nuna 447420 1310720, turken da ake nema kuma yana 447720 1311120, ragi kawai za a yi a ga saura mita 300 gabas da mita 400 arewa, wato mita 500 a miƙe, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Babu wanda zai iya wannan da ka a tsarin digiri yana tsaye cikin rana. Amma lambobin nan suna maimaita kansu a kowace shiyya, saboda haka idan aka bar lambar shiyya a baya an bar rabin adireshin. Lambobin gonar nan idan aka zuba su a shiyya ta 31 za su sauka a arewacin Jamhuriyar Benin wajen gandun dajin W, a ta 33 kuma bakin iyakar Borno da Kamaru, kowanne kimanin kilomita 650 daga Kano. Wanda ya tashi daga Agadas ya ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma zai tsallaka digiri 12 bayan garin Fachi, ya ga lambar gabas da take ta hawa ta wuce 800,000 ta faɗo ƙasa da 200,000 lokaci ɗaya, na'urar ba ta lalace ba, shiyya ce ta sauya.

Harafin da ke bin lambar shiyya ma yana rikitarwa. A wani salon yana nuna zangon latitud mai faɗin digiri takwas, N daga sifili zuwa 8, P daga 8 zuwa 16, Q daga 16 zuwa 24, shi ya sa Kano take 32P, Agadas kuma 32Q. A wani salon kuma N arewacin ikwaita kawai yake nufi, sai a ga an rubuta wa Kano 32N. A wurinmu wannan ba ya jawo ɓata tunda duk a arewa muke. Sauya UTM zuwa digiri ba aikin takarda da biro ba ne, lissafinsa yana da tsawo, na'ura ko manhaja ake bari ta yi, aikin mutum shi ne ya tabbata ya ba ta shiyyar da ta dace.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya bayyana a jikin lambobin ko kaɗan, wato datum, ma'aunin tushe da aka ɗora lissafin a kansa. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan baje a ƙuryoyinta, daga tsakiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya kuma 6,357, jikinta ma ba sumul yake ba. Kafin zuwan taurarin ɗan'adam kowace ƙasa takan zaɓi siffar lissafi da ta fi zama daidai a kan nata yankin, kamar yadda ake ɗinka wa kowane kai hularsa. Najeriya ta yi amfani da datum ɗin Minna, wanda aka ɗora a kan siffar Clarke ta 1880, tushensa kuma wani turken awo ne a Minna ta jihar Neja. Sudan tana da Adindan, Ghana tana da Leigon. GPS kuwa da WGS 84 yake aiki, hula ɗaya da aka ɗinka wa duniya baki ɗaya. Sakamakon haka turke ɗaya a ƙasa yana da lambobi biyu, kowanne daidai ne a gidansa. A wajen Kano bambancin Minna da WGS 84 kusan mita tamanin ne gabas da yamma idan da digiri ake aiki, a UTM kuwa ya haura mita ɗari. Ko a Girinwich kanta, mai yawon buɗe ido da ya tsaya a kan layin ƙarfen da aka shimfiɗa a ƙasa ba zai ga sifili a wayarsa ba, sai ya taka kimanin mita 102 gabas.

Ga mai neman rijiya a hamada ko ruga a daji mita tamanin ba komai ba ne, ido zai cike sauran. Ga mai fili kuwa babbar magana ce, domin filin ƙafa hamsin da ɗari faɗinsa kusan mita 15 ne, mita tamanin sun tsallake filaye biyar. Takardun safiyo da yawa a Najeriya da Minna aka yi su, wasu ma ba da UTM ba, da tsohon tsarin ƙasa mai ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, waɗanda layukan tsakiyarsu suke kan 4°30′ da 8°30′ da 12°30′. Mutumin da ya kwafi lambobin takardar filinsa ya zuba a waya, ya ga alamar ta faɗa tsakar gidan wani, bai kamata ya ɗaga murya ba tukuna, ya fara duba gefen takardar ya ga datum da tsarin da aka rubuta. Na'urorin hannu suna da wurin zaɓar datum a cikin saitinsu, manhajar kwamfuta irin QGIS ma tana sauyawa, amma tsayar da iyakar fili aikin safiyo ne da kayansa masu auna santimita, waya ba ta kai nan ba.

Abin da na fi ganin dacewarsa ga ayarin da za su fita aiki tare shi ne su zauna tun a gari su saita na'urorinsu a kan tsari ɗaya da datum ɗaya, su tsaya wuri ɗaya su gwada, kowa ya karanta abin da tasa ta nuna. Don aika wa wani wuri, digiri mai ɗigo da lambobi biyar a kan WGS 84 ya fi tsira, saboda babu alamar da za ta ɓace a hanya in ban da ta ragi. Don tafiyar ƙafa da taswirar takarda UTM ya fi. Idan lamba ta zo daga hannun wani, kafin a tayar da mota a zuba ta a taswira a ga wane gari ne kusa da ita, a tambayi mai aikowa ko shi ne, kuma a rubuta ta a takarda da alamominta cikakku saboda batir yana mutuwa.

Idan kuma ta baki za a faɗa, a waya ko a rediyon hannu, sai a fara da sunan tsarin, sannan a karanta abin da ke bayan ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "sha ɗaya da hamsin da ɗaya da talatin da shida" ya bar mai sauraro da fassara uku. Wanda ya ce "digiri mai ɗigo ne, arewa sha ɗaya, ɗigo, takwas, shida, sifili, sifili, sifili, gabas takwas, ɗigo, biyar, biyu, sifili, sifili, sifili" ya ba shi guda ɗaya, sai mai karɓa ya maimaita masa daga farko, shi kuma yana bin takardarsa da yatsa.